Hanyar Gwanja da motar kwana: abin da ya lalace da yadda aka gyara

Asabar, 11 ga Janairu 2025, Kwatano

Jiya da la'asar muka tsallake Seme, iyakar Najeriya da Benin, mota lafiya ƙalau. Toyota HiAce ce ƙirar 2002, mai dogon bodi, injinta na gas ne, wato dizal, 5L mai lita 3, yana ƙarƙashin kujerun gaba. A Kano aka kwashe kujerun baya, kafinta ya kafa gado da akwatuna, aka sa tankin ruwa na lita 100, tukunyar gas ta girki, ƙaramin firiji, farantin sola a kan rufi, da batir na biyu mai ɗaukar wutar ɗaki. Mu uku ne: ni, uwargida, da ɗan ƙanwata wanda ya taɓa zaman gareji kafin ya koma makaranta. Shi a tanti yake kwana, gefen mota. Niyyarmu mu kai Salaga, tsohuwar kasuwar goro ta Gwanja a arewacin Ghana, kafin a ga watan azumi.

Fataken goro na da ta Borgu suke bi, su ratsa Nikki da Djougou su faɗa Yendi. Mu gaɓar teku muka zaɓa saboda halin tsaron da arewacin Benin ke ciki.

Abu ɗaya da ya kamata duk mai shirin irin wannan tafiya ya sani tun daga gida: katin inshorar ECOWAS, wato Brown Card, wanda aka kafa tsarinsa a 1982, ɓarnar da ka yi wa wani kawai yake biya. Ba ruwansa da injinka, ba ruwansa da kuɗin janwe. Idan mota ta tsaya a daji, aljihunka ne da mutanen da Allah ya haɗa ka da su. Saboda haka muka riƙo fanbel na ajiya, filtar baƙin mai da ta gas, tiyo, fis, waya, da mitar awon wuta.

Litinin, 13 ga Janairu, Lome

Gab da Grand-Popo fitilar batir ta kama a dashbod. Kafin in gama cewa "duba" na taka birki na ji shi kamar dutse. Yaron ya ce, "Kawu, sauka gefe ka kashe ta, bel ya fita." Gaskiyarsa. A wannan injin, famfon da ke zuƙe iska ya sa birki ya yi laushi a bayan altaneta yake maƙale, kuma bel ɗin da ke juya altaneta shi ke juya fanka da famfon ruwa. Idan ya fita, caji ya tsaya, birki ya ƙage, ruwa ya daina zagayawa, duk a lokaci guda. Hanyar ƙunci ce a wurin, ga 'yan acaɓa ta ko'ina, sai da na ɗan yi gaba kafin in sami inda zan raɓe. A wannan ɗan tsakanin allurar zafi ta taɓa ja.

Da muka ɗaga kujera muka ga ƙarfen da ke riƙe altaneta ya karye a wajen ramin noti. Tsohuwar karaya ce, don rabin bakin ya yi tsatsa, rabin ne sabo fari. Altanetar ta karkata, ta tofar da bel. Muka jira injin ya huce, muka ɗaure ta da waya, muka sa bel na ajiya, muka lallaɓa muka wuce Hillacondji muka shiga Togo.

A Lome wani mai shayi ɗan Maraɗi ya haɗa mu da mai walda a Agoè-Zongo, ya kuma yi mana tafinta. Aikin ya yi kyau: bai liƙe bakin karayar kawai ba, ya yanko wani ƙarfe ya goya masa ta baya. Na duba ruwa, ya ragu da kamar kofi biyu. Muka cika.

Juma'a, 17 ga Janairu, Accra

Mun shigo Ghana ta Aflao ranar Laraba. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979 ta yarda motar gida ta zauna a wata ƙasar har kwana 90, amma abin da aka rubuta a takardarka shi ne naka. Tamu kwana 30 aka ba ta. Na rubuta ranar ƙarewarta na manna a gilashi.

Jiya da safe a Nima mota ta ƙi tashi. Mita ta nuna batirin injin ya sauka ƙasa da bolt 12, alhali lafiyayye a hutunsa 12.6 yake bayarwa. Rilen da ke raba batirin injin da na ɗaki idan an kashe mota ya maƙale a haɗe, firiji ya kwana yana shan su biyun. Rewayan farko da aka kira ya ce a cire rilen a haɗa wayoyin kai tsaye, "magana ta ƙare". Wannan kuwa shi ne ainihin ciwon da muke kuka da shi, zai mai da shi na dindindin. Muka sallame shi da kuɗin ƙafarsa. Yaron ya shiga Abossey Okai, kasuwar kayan mota, ya dawo da sabon rile, ya sa fis a bakin kowane batir. Da injin ya tashi caji ya nuna 14.1.

Abin da ke damuna ba wannan ba ne. Kullum da safe sai mun ƙara ruwa a lagireto, kuma babu ɗigo ko ɗaya a ƙasa. Mun canja murfin lagireto. Za mu gani.

Litinin, 20 ga Janairu, Nkawkaw

Ta tsaya.

Daga Nsawam zuwa Suhum allura na tsakiya. Bayan Anyinam muka shiga jerin tireloli masu ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema zuwa arewa, ana tafiya a giya biyu, ga hawa. Allura ta fara ɗagawa, ta ƙi komawa. Kafin Nkawkaw robar ajiyar ruwa ta fara amai. Na kashe.

Wani bakanike na bakin hanya ya zo, ya taɓa tiyo, ya ce tamostat ne, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan injin ya yi zafi, a cire a jefar, a ɗaure fanka ta riƙa juyawa kai tsaye. Na san wannan maganar, ita ce ake faɗi daga Kano har Legas. Yaron ya ce to a buɗe a gani. Aka kwance gidan tamostat, wayam, babu komai a ciki. An daɗe da cire shi, tun kafin motar ta zo hannuna.

Da injin ya huce muka cika ruwa, muka bar murfi a buɗe, muka tayar. Ba a yi minti ɗaya ba kumfa ta fara tasowa, ɗaya bayan ɗaya, ba tsayawa, alhali ruwan ko ɗumi bai yi ba. Ruwan sanyi ba ya tafasa. Iskar cikin silinda ce ke kutsawa hanyar ruwa. Yaron ya dube ni ya ce, "Kawu, ko gaskit ne, ko tof." Tof shi ne murfin ƙarfen da ke rufe saman silinda, gaskit kuma shimfiɗar da ke tsakaninsa da jikin injin.

Bakaniken ya ce akwai garin da ake zubawa a lagireto ya toshe, zai kai mu Kumasi. Wataƙila ya kai. Amma kimanin kilomita 100 ne a gabanmu, kuma duk zafin da injin ya ƙara ɗauka, abin da za a gyara ƙaruwa yake yi. Na nemi janwe mai ɗaukar mota a bayansa. Kuɗin da muka daidaita a kai ya fi abin da muka kashe a mai tun daga Kwatano. Na biya, kuma ban ji ciwonsa ba.

Laraba, 22 ga Janairu, Kumasi

Wanda ke yawo da ƙaramar mota, idan ta lalace ya bar ta a gareji ya tafi masauki. Mu da mota ta lalace, ɗakin kwana da madafi da rumbu duk sun lalace tare. Injin yana ƙarƙashin kujera, sai an kwance kujerun da katakon da ke bayansu kafin hannu ya kai ga tof. Ke nan sai an fitar da akwatuna, da tufafi, da buhun shinkafa, a fili, a tsakiyar gareji, gaban yara ashirin. Uwargida ta ce ba za a zazzage mata ɗaki a bainar jama'a ba, kuma tana da gaskiya. Direban janwen ya fara kai mu unguwar Aboabo, muka sauke kaya, sannan ya wuce da motar.

Wani dattijo mai sayar da goro, wanda limamin masallacin da muka yi sallar magariba ya haɗa mu da shi, ya ba mu ɗaki a gidansa. Kakansa daga Kano ya zo. Da na yi maganar kuɗin haya ya ɓata rai. Ya ce, "Malam, gidan nan tun asali masaukin fatake ne. Baƙo ya sauka, maigida ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai gaskiya a kasuwa. Bari in yi aikina." Shi ne ya kai mu Suame da kansa yau da safe.

Na sha jin labarin Suame Magazine, amma gani ya kori ji. Unguwa ce sukutum ta ƙarfe da baƙin mai. Layi guda masu injin gas ne, wani masu giya, wani masu lagireto, can maƙera masu sifirin, can masu narka ƙarfe su zuba sabo, can kuma masu gina bodin manyan motoci tun daga shasi. Dubban mutane, kowa da abu ɗaya da ya iya. Baƙon da ya shigo ba jagora, 'yan kamasho za su tare shi tun a bakin titi. Mai masaukinmu bai ko dube su ba, ya ratsa da mu ta lunguna har rumfar wani tsoho Ba'asante, wanda kowa ke kira Masta. Yana jin Hausa sarai, don rabin yaransa 'yan zango ne.

Abin da ya fara ba ni natsuwa: bai faɗi ciwon ba, bai faɗi kuɗi ba. Tambaya ya yi ta yi. Yaushe ta fara shan ruwa? Ta taɓa ɗaukar zafi kafin nan? Da na ba shi labarin Grand-Popo ya gyaɗa kai. Wane ruwa ake zuba mata? Na ce tun da na saye ta na tarar da ruwan famfo a ciki. Ya ce, "Alhaji, gobe za mu buɗe. Ka zo ka zauna, komai na cire ka gani da idonka."

Juma'a, 24 ga Janairu, Suame

An sauke tof. Yaran suka shimfiɗa kwali, kowane noti aka cire aka soka shi a ramin da ya yi daidai da mazauninsa a injin. Gaskit ɗin ya ƙone tsakanin silinda ta uku da hanyar ruwa, kan fistin ɗin nan kuwa fes, tururi ya wanke shi, sauran ukun baƙi ƙirin. Ni a raina na ce alhamdu lillahi, gaskit ne kawai.

Masta bai ce komai ba. Ya sa aka kankare fuskar tof, ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kai, tsaye da kwance da kusurwa zuwa kusurwa, yana zura siraran ƙarafan awo a ƙarƙashi. Bauɗewar ba ta da yawa, gogewa za ta ɗauke ta. Sannan ya sa yara biyu suka ɗauki tof ɗin a baro, muka bi su zuwa wata rumfa inda ba abin da ake yi sai gwajin tsaga. Aka toshe duk ƙofofin ruwa da roba da faranti, aka hura masa iska, aka nutsa shi a randar ƙarfe mai ruwan zafi. Muka sunkuya muna kallo. Da farko shiru. Da ƙarfen ya ɗau ɗumi sai ga wani siririn zare na kumfa yana fitowa daga tsakanin bawul biyu na silinda ta uku. Aka fito da shi, aka goge wurin, na sa tabarau na duba, ban ga komai ba. Mai gwajin ya shafa alli da kananzir, sai ga layin ya fito, bai kai kaurin gashi ba.

Da an sa sabon gaskit an rufe, motar za ta tashi lafiya, in biya, in yi godiya, in tafi. Tsagar sai ƙarfe ya yi zafi take buɗewa. Wataƙila a Techiman, wataƙila a dajin da ke tsakanin Kintampo da Buipe, inda babu Suame. Wannan randar ruwan zafin ita ce bambancin gyara da canki-canka, kuma kuɗin gwajin bai kai na cin abincin rana na mu uku ba.

Hanya uku ce a gabana. A yi wa tsagar walda, wanda Masta ya ƙi sam, ya ce ƙarfen zubi ne, kuma wurin wuta ne, ba zai sa sunansa a kai ba. Ko a sayi sabon tof na kamfanonin da ke kwaikwaya, mai araha, wanda ba wanda zai iya ce maka ga ingancin ƙarfensa. Ko a nemo na asali na hannu, daga injinan da ake shigowa da su daga waje. Na zaɓi na ukun, da sharaɗin da Masta ya gindaya wa mai kayan: sai ya tsallake randa za a biya.

Talata, 28 ga Janairu, Suame

Wanda aka fara kawowa ya faɗi a randa, aka mai da shi. Jiya aka sami mai kyau, aka kai shi aka goge fuskarsa kaɗan, aka wasa bawul, aka sa sababbin sil.

Yau na koyi abin da ban taɓa ji ba. Gaskit ɗin wannan injin kauri uku ne, Toyota ta yi musu alama da B da D da F. A injin gas fistin yakan ɗan leƙo sama da bulok, kuma gwargwadon leƙowarsa ake zaɓar kaurin. Idan ya yi siriri fistin ya kusanci tof fiye da kima, idan ya yi kauri matsi ya ragu, tashin safe ya yi wuya. Masta ya kafa agogon awo a kan bulok, yaro na juya injin da hannu, ya auna dukkan huɗun, ya rubuta a bango da alli, ya ce D. Yaron da aka aika ya dawo da F, ya ce mai shago ya ce duk ɗaya ne. Aka sake tura shi.

Ɗaurin ma da ƙa'idarsa. Noti 18 ne, daga tsakiya ake farawa a yi waje, hawa-hawa, da sifanar awo, sannan a ɗiga wa kowanne fenti a ka, a juya shi kwata, a sake zagayowa a ƙara kwata. Ɗan ƙanwata ya tsaya yana kallo, ya ce a garejin da ya zauna, bututu ake zura wa sifana, ƙato ya hau ya danna har sai ta yi ƙara. Masta ya ce masa, "Ɗana, hannu yana mantuwa, fenti ba ya yi."

Tunda an riga an buɗe gaba, na ce a canja taimin bel da abin ɗamararsa da famfon ruwa. A wannan injin idan taimin bel ya tsinke fistin da bawul karo suke yi, aikin da muka gama ya koma baya.

Lagireto kuma labarinsa daban. Mai gyaransa ya narke dalma ya cire tankin sama, ya kira ni. Kusan rabin bututun a toshe suke da jan laka da tsatsa, abin da ruwan famfo da na rijiya suka tara shekara da shekaru. Ya bi su ɗaya-ɗaya da siririn ƙarfe har ruwa ya riƙa fita ta kowanne. Kulocin fanka ma ya saki, man da ke cikinsa ya tsiyaye, injin na zafi amma fankar lilo kawai take yi. An sa wani.

Yanzu hoton ya haɗu a kaina. Lagireto ya fara toshewa, mota ta fara zafi, wani a can baya ya cire tamostat, allura ta ɗan sauka, aka ce an gyara. Motar ta ci gaba da tafiya da rabin lagireto da raunanniyar fanka, ba ta da sauran rara. Ranar da bel ya fita, 'yan mintuna suka ishe ta. Ina ganin wannan al'ada ta jefar da tamostat tana cikin abubuwan da suka fi kashe injina a ƙasashenmu. Ana cewa na ƙasar sanyi ne. Ba haka ba ne. Aikinsa ya riƙe injin a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, digiri 80 da 'yan kai. In babu shi, da asubar hunturu injin yakan daɗe a sanyaye, gas bai ƙone sosai ba, silinda na ci. Mafi muni, cire shi yana ɓoye ciwon gaskiya. An sa sabo, an zuba ruwan lagireto na galan mai maganin tsatsa.

Laraba, 29 ga Janairu, Aboabo

Yau ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. A ƙofar gidan mai masaukinmu direbobin albasa 'yan Nijar ba su da wata hira sai ita. ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanensu, a bar su su yi zirga-zirga, har sai an sake sanarwa. Mu dai mun yanke cewa ta hanyar da muka zo za mu koma.

Uwargida ta saba da matan gidan, har ta karɓi girkin dare. Ta ce abin da take kewa ɗaya ne, gadonta.

Litinin, 3 ga Fabrairu, Kumasi

Ta tashi ranar Asabar, bugu ɗaya. Masta ya bar ta tana aiki murfi a buɗe har tamostat ya buɗe, ruwa ya faɗa, aka cika. Ba kumfa. Ya ƙi karɓar cikon kuɗinsa, ya ce sai ta hau tudu da kayanta.

Jiya muka mai da komai ciki, muka cika tanki, muka nufi tafkin Bosomtwe, kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da gari. Tafkin a cikin wani ƙaton rami yake, hanyar Abono gangara ce mai tsanani, dawowa kuma hawa ne a giya ɗaya da biyu. Masta na gefena, bai ɗauke ido daga allura ba. A tsakiyar hawan muka ji fanka ta kama da gurnani a ƙarƙashinmu, allura ta tsaya cak ƙasa da rabi. Ya ce, "To, Alhaji, yanzu ka biya ni."

A hanyar dawowa ya ce bayan motar ya zauna da yawa, kuma ta fi karkata hagu. Yau aka shiga ƙarƙashi: falle ɗaya na sifirin hagu ya karye, a ɓangaren da tankin ruwa da batirin ɗaki suke. Maƙeran sifirin suka canja shi, suka ƙara falle guda a kowane gefe. Masta ya ja kunnena cewa ƙarin falle yana ɗaga mota ne kawai, ba ya ƙara wa aksul da boris da birki ƙarfi. Mun mai da batirin dama, kuma daga yau tankin ruwa rabi za mu riƙa tafiya da shi, mu cika a inda za mu kwana. Lita 50 kilo 50 ne.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, Kumasi

Takardar mota na gab da ƙarewa, kwanakinta sun tafi a gareji. Na je ofishin kwastan da rasiɗan gyara da wasiƙar Masta, suka duba lambar shasi, suka ƙara mana wa'adi. A nemi ƙari tun takarda na da rai, kuma a adana kowane rasiɗi, har na walda.

Mun yi sallama da Aboabo. Dattijon ya ba mu goro ƙwarya guda a ganye, ya ce mu kai Salaga mu raba.

Litinin, 10 ga Fabrairu, Kintampo

Offinso, Techiman, Kintampo, allura ba ta motsa ba. Kowace safiya kafin a tayar ina duba ruwa, yana inda yake. Ina matsa tiyon sama, laushi.

Bayan Techiman wata fitila ta kama, ta filtar gas. Mun sha mai a wani ƙaramin gidan mai a hanya. Yaron ya sa gwangwani a ƙarƙashin filta, ya kwance ƙaramin famfon gindinta, ya danna famfon hannu na samanta. Ruwa ya fara fita, gas na yawo a kansa, har ya koma gas zalla. Minti goma. Da ba a kula ba, ruwan nan famfon injekta da nozul zai je ya ci. Daga yanzu sai inda muka ga manyan motoci na layi.

Ƙurar hunturu ta fi yawa a nan. Kullum sai an kakkaɓe filtar iska an goge farantin sola, in ba haka ba firiji ya mutu kafin asuba. Garin nan ya karɓi kasuwar goro bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, lokacin da hanyar Salaga ta rikice, shi ya sa zangonsa tsoho ne. Mun kwana a harabar wata makarantar Islamiyya da izinin malaminta.

Alhamis, 13 ga Fabrairu, Tamale

Mun haye Baƙin Volta a Buipe, muka haye Farin Volta a Yapei. Tsakaninsu uwargida, wadda ke zaune a baya, ta ce tana jin wani gunji a ƙarƙashinta. Mu a gaba ƙarar injin ta hana mu ji. Na saki totur na sa furi, gunjin bai canja ba, ke nan ba injin ba ne, ba giya ba ce. Yana ƙaruwa da gudu. Idan na karya dama, nauyi ya koma hagu, sai ya ƙara ƙarfi. Muka tsaya, yaron ya zagaya yana taɓa tsakiyar kowace taya da bayan hannu. Ta baya ta hagu ba ta taɓuwa. Muka shigo Tamale da gudun 40, muna tsayawa tana hucewa.

Asabar, 15 ga Fabrairu, Tamale

Boris ne na bayan hagu, gefen da ya sha nauyi tun daga Kano. An zare shaf jiya. Ƙwayoyin sun yi shuɗi don zafi, sil ya narke, man aksul ya jiƙe layinin birki. Wannan boris ɗin matse shi ake yi a jikin shaf, da wani zobe a bayansa mai hana shi zamewa, kuma zoben sau ɗaya ake amfani da shi. Bakaniken nan mutumin kirki ne, bai ɓoye min ba, ya ce yawanci da guduma suke korawa su mai da tsohon zobe. Na ce a'a. Idan zoben ya saki, shaf da taya tare suke ficewa ana cikin tafiya. Ya yarda, ya kuma san wani mai injin matsi a unguwar masu sana'a.

Boris ɗin da muka samu a shagunan nan kwalinsa na da suna mai kyau, amma rubutun jikin ƙarfen a karkace yake, kuma yana da wasa tun yana sabo. Na kira Masta. Ya ce in karanto masa lambar da ke jikin tsohon, in kuma sayi na gefe biyu, don na daman ma tafiyarsu ɗaya. Na tura masa kuɗi ta waya. Ya sayi boris biyu, zobe biyu, sil, da layinin birki, ya ba direban motar dare, ya turo min hoton kwalin da lambar direban.

Da asuba yaron zai je tasha ya karɓo. Za mu gwada lamba da lamba kafin a matsa komai. Idan an haɗa ranar Litinin, za mu yi gwaji a hanyar Savelugu, mu taɓa tayoyin, mu sake duba man aksul. Daga nan Salaga kimanin kilomita 120 ne, kuma direbobin tasha sun ce akwai wuraren da sai an bi a hankali, don haka tankin ruwa a wofi za mu fita da shi.